Rasuwar Tin-Tin ta Gidan Malam Ja'afaru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kai wanda kunya ta hana ɗagowa, Malam Ja'afaru Abdulhamid na unguwar Gwallameji a nan Bauchi, shi da iyalinsa, suna sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar na'urarsu ta ɗumama abinci, wato maikirowef, wadda yaran gidan suka raɗa wa suna Tin-Tin saboda ɗan kukan da take yi idan ta gama aiki. Ta cika ranar Asabar da ta gabata, tsakanin azahar da la'asar, a kan kantar kicin inda ta yi duk rayuwarta, bayan gajeruwar rashin lafiya, kuma a gaban baƙi.

Da farko iyalin sun so su binne maganar tare da marigayiya, amma abin da ya faru a gaban baƙi ba ya binnuwa. Kafin a ankara labari ya kai tashar keke napep, daga nan ya shiga gari, kowa da irin gishirin da yake sa masa. Wasu sun ce kicin ɗin ne ya ƙone ƙurmus. Wasu kuma sun ce dama kayan zamani haka suke, ba su da amana. Wannan ta biyun ce ta hana Malam Ja'afaru sukuni, domin ya san marigayiya ta riƙe amana har ƙarshenta. Saboda haka ya ga gara a faɗi yadda abin ya kasance, kada a ɗora laifi a kan wadda ba ta da bakin kare kanta.

Marigayiya ta shigo gidan nan tun Yasmin, babbar 'yar gidan, tana goye, ga shi yau Yasmin ta shiga sakandare. Fara ce, mai ƙofar gilashi, da faranti a cikinta mai juyawa a hankali. Duk wanda ya zauna da ita zai yi mata shaidar haƙuri. Ba ta taɓa sa wa kowa hayaƙi a ido ba, ba ta taɓa baƙanta gindin kwano ba. Tuwon da ya kwana ya sandare, idan aka miƙa mata shi da ɗan yayyafin ruwa, sai ta dawo da shi da laushi da tururi kamar yanzu aka kwashe. Ta ɗumama shayin da mai gida ya manta da shi yana duba takardun ɗalibai, ya sake mantawa, ta sake ɗumamawa ba tare da gori ba. Idan wuta ta zo da rauni, sai dai fitilarta ta dushe, muryarta ta yi ƙasa, ta ci gaba da "wuuu, wuuu" ɗinta kamar tsohuwa mai rarrashin jika. Idan aka ɗauke wutar gaba ɗaya, ta yi shiru ta jira ba ta zagi kowa ba, abin da mai gidan kansa bai taɓa iyawa ba. In ta gama kuwa, ta ce "tin, tin, tin", ta ja bakinta.

Iyakar abin da ta iya ke nan, kuma ba ta taɓa cewa ta iya wani abu ba. Mai gidanta ne ya faɗa a madadinta.

Ga asalin maganar. Malam Ja'afaru malamin lissafi ne a wata kwaleji, kuma a shekarun baya an tura shi ƙaro karatu birnin Cennai na ƙasar Indiya. Ya bar amaryarsa Lailatu a gidan iyayensa a Ƙofar Wambai ya tafi. A can ya kama ɗaki a saman benen wata dattijuwa mai suna Anti Mina, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Sureshi, kuma ita ce take ba shi abinci. Yakan fita da sassafe, ba ya dawowa sai magariba ta wuce, ƙafa ta gaji, ciki yana ƙugi. Kicin ɗin Anti Mina yana can ƙurya bayan labule, bisa al'adar gidan baƙo ba ya shiga. Shi kuma ɗan Ƙofar Wambai ne, ba a koya masa leƙa madafar matan mutane ba. Abin da yake gani kawai wata maikirowef ce a kan ɗan teburi kusa da wurin cin abinci. Da ya wanke hannu ya zauna, sai Anti Mina ta taso tana dafa bango saboda ciwon gwiwa, ta danna, a ji "tin", ta buɗe ta fito da duniya: shinkafa fara tas, miyar wake mai tsamiya da ƙamshin da ke kwana a riga, da gurasarsu da suke kira cafati, mai laushi kamar tafin jariri.

Wata rana daɗi ya kai masa karo, ya nuna kwanukan ya tambaye ta da Turanci, "Anti, duk wannan yana ɗaukar lokaci nawa?" Ita Turancinta ba shi da yawa, kuma ta ga yatsansa ya fi karkata wajen na'urar. Ta ɗaga yatsu tana murmushi, ta ce, "Minti uku."

Ja'afaru ya tsaya da loma a hannu. Mutum ne mai girmama lissafi, kuma a ranar ya ji an warware masa dalilin da ya sa wasu ƙasashe suka ci gaba wasu suka tsaya. Bai sake tambaya ba. Ya gama karatu, ya yi mata godiya irin wadda ake yi wa mai gidan haya, ya dawo Bauchi da digiri a jaka da minti uku a baki. Da suka tare a Gwallameji, tun kafin a rataya labule ya sayo marigayiya.

Lailatu malamar firamare ce. Tana tashi daga makaranta ta biya kasuwa, ta dawo ta cire hijabi ta ɗora tukunya. Tana jajjage, tana tuƙi, tana kaɗa miya, sai ya zo ya tsaya a bakin ƙofar kicin, ya duba agogon hannunsa.

"Har yanzu, Maman Yasmin? A Indiya fa minti uku ne."

Ba da faɗa yake faɗi ba, shi ya sa bai taɓa jin nauyin maganar ba. Da dariya yake faɗi. Ya faɗa a majalisa, ya faɗa a ɗakin malamai, ya faɗa a wurin suna ga mazan da ke jiran abinci. Ya ce matanmu suna ƙarar da rayuwarsu a bakin murhu saboda rashin sani, shi ya ga tsohuwa tana ciyar da gida da yatsa ɗaya. In an tambaye shi me ya hana tasa na'urar yin haka, sai ya ce abincinmu ne bai dace da ita ba, tuwo abin ƙarfi ne. Amma girkin Indiyawa, dominsa aka ƙera ta. Lailatu ba ta taɓa musa masa ba. Takan ce, "To, Abban Yasmin," ta ci gaba da tuƙinta.

Ciwon ajali ya faro ne daga wata waya. Sureshi ashe ya zama injiniya, ya yi shekaru yana aiki a wata masana'antar roba a Kano, har Hausa ta zauna a bakinsa. Ya samo lambar Ja'afaru, ya ce zai ratsa ta Bauchi a hanyarsa ta zuwa Yankari, kuma mahaifiyarsa ta ja masa kunne kada ya wuce bai gai da ɗanta na Najeriya ba. Ja'afaru ya yi murna har cikin ransa, kuma a cikin murnar wani tunani ya shigo masa, wanda da ya shawarci wani a kansa da yau ba a rubuta wannan sanarwa ba. Ya roƙi Sureshi ya aiko masa da kayan ƙamshinsu da irin wakensu ta hannun direban tasha, bai faɗa masa dalili ba. Shekara da shekaru uzurinsa na rashin gwada girkin shi ne ba a samun kayan haɗi a Bauchi. Yanzu ga kaya, ga na'ura, ga shaida daga Indiya.

Bai tsaya nan ba. Ya gayyaci Bappa Abdulmuhaimin, ƙanin mahaifin Lailatu, dattijon da duk lokacin da aka yi wannan zance yakan ce, "To, mu dai ba mu je ba." Ya kuma gayyaci maƙwabcinsa Zakka, ya roƙe shi ya shirya janaretansa ko da za a ɗauke wuta. Ba a ɗauke ba. Iyalin suna so a san wannan: a ranar wuta ta tsaya cak tun safe, babu wanda za a laɓe a bayansa.

Da hantsi ya shiga kicin ya naɗe hannun riga.

"Yau hutu kike, Maman Yasmin. Ki zauna kawai ki ga yadda ake yi."

"Ko albasar in yanka maka?"

"Bar shi, ba wani aiki ba ne."

Ta ɗauke bokitin ƙullun masar da ta haɗa domin karin kumallon Lahadi, ta fitar da shi baranda ta baya don kada ya tare masa hanya, ta zauna tana yi wa Yasmin kitso.

Abin da marigayiya ta gani daga hantsin nan zuwa azahar, Allah kaɗai Ya san nauyinsa. Ya zuba wake da ruwa ya danna. Ta ce "tin". Wake ya fito kamar tsakuwar da aka wanke. Ya ƙara lokaci, ya sake ƙarawa, ruwa ya tafaso ya malale farantin, wake yana nan kan bakansa. Ya haɗa albasa da mai da kayan ƙamshi a kwano ɗaya ya tura. Albasa ta fito fara, ta yi laƙwas, ba ja ba ƙamshi, garin yajin kuwa ɗanye yana harbin maƙogwaro. Cafatin ya fi ba da tausayi. Na farko ya fito da gumi kamar tsumman da aka matse. Ya ce lokaci ne bai isa ba. Na biyu ya fito a ƙandare, da ya suɓuce ya faɗi sai da ya yi ƙara, ya gangara ƙarƙashin firji. Duk wannan marigayiya ba ta huta ba. Jikinta ya yi zafi har ba a iya dafa ta, "wuuu" ɗinta ya koma "gurrr", wani wari kamar na robar da ta kusanci wuta ya fara fita ta bayanta. Lailatu ta leƙo ta taga ta ce, "Abban Yasmin, ka bar ta ta sha iska." Ya ce saura kaɗan.

Yana cikin haka ya ji sallama. Bappa da Zakka suka iso tare, ba a jima ba motar Sureshi ta tsaya a ƙofar gida. Aka rungume juna, aka yi gaishe-gaishe, aka zauna a falo. Ja'afaru yana dariya da baki, zuciyarsa tana kicin. Ya koma ya tsaya a kan abin da ya haɗa. Ya sani sarai ba abincin Anti Mina ba ne, amma ya yi wa kansa ƙarya ta ƙarshe: wai in aka juye wake da albasa wuri guda a kwano mai kyau, aka fito da shi yana tururi, ido zai rufa wa baki asiri. Ya waiga neman kwano mai kyau. Idonsa ya faɗa kan tasar Lailatu da ke saman kabad, tasar tagulla mai zanen fure a baki, wadda mahaifiyarta, Allah Ya jiƙanta, ta shiga da ita gidan aure, ta kuma sa wa 'yarta a kayan ɗaki. Ba a cin abinci a cikinta. Goge ta kawai ake yi.

Babu wanda ya kai Malam Ja'afaru sanin cewa ba a sa ƙarfe a cikin maikirowef. Shi ya kafa dokar a gidan, ya taɓa tara yara ya yi musu lacca a kan cokali guda. Amma tsoron kunya yana rufe ido tun kafin kunyar ta iso. Ya juye, ya tura, ya rufe, ya danna.

Farantin ya yi rabin juyi. Sai aka ji "ɗas, ɗas-ɗas", wani shuɗin haske ya riƙa tsalle daga bakin tasar zuwa bangon cikinta kamar walƙiyar farkon damina. Ya miƙa hannu zai kashe, hannun ya ƙi zuwa. Ta yi "gurrr" mai tsawo, ta yi "fau", fitilarta ta mutu, baƙin hayaƙi ya fito ta ƙofar da ba ta taɓa fitar da komai ba sai tururi. Ba ta ce "tin" ba. Shi ne aiki na farko da aka ba ta ba ta sallame shi ba.

Aka yo kicin a guje. Zakka ya zare wayarta daga bango, ya buɗe taga. Da hayaƙi ya lafa sai ga mai gida tsaye da tsumma, riƙe da tasar surukarsa, bakinta ya yi baƙi, wasu furannin sun ƙone sun zama tabo. Sureshi ya dubi waken, ya ɗauki cafati ɗaya ya ƙwanƙwasa shi a kan kanta.

"Ɗan'uwana, me kake haɗawa?"

"Abincin Anti," in ji Ja'afaru, murya ƙasa-ƙasa. "So na yi in dafa maka yadda take dafa mana."

"A cikin wannan?"

"Ai a ciki take yi. Minti uku. Da bakinta ta faɗa mini."

Sureshi ya fashe da dariya har ya dafa kafaɗar Zakka. Sai ya lura shi kaɗai yake yi. Ya dubi fuskar Ja'afaru ya ga da gaske yake, dariyar ta tsaya.

"Mama ba ta taɓa dafa komai a ciki ba," ya ce a hankali. "Saboda kai ma aka saye ta. Ba ka dawowa da wuri, ita kuma ba ta yarda ɗan mutane ya ci abinci da sanyi ba. Kana fita take farawa. Ta jiƙa, ta niƙa a dutse, ta soya albasa har ta yi ja. Ƙwayoyin nan da na aiko maka, sai mai ya yi zafi ake watsa su, su fashe tas-tas, a nan ƙamshin yake fitowa. Cafati kuwa a kan kaskon ƙarfe, ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗora shi a kan harshen wuta ya kumbura. A tsaye take yi, da gwiwoyin nan nata. Na sha ce mata ta bari in sayo maka a waje. Takan ce uwarka tana nesa."

Ja'afaru ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya san Lailatu tana tsaye a bakin ƙofar baya da mataji a hannu, kuma Hausa Sureshi ya yi, ba Turanci ba. Ya jira Bappa ya faɗi abin da ya daɗe yana da haƙƙin faɗi. Bappa bai faɗa ba. Hularsa kawai ya gyara, ya juya wajen 'yar ɗan'uwansa.

"Lailatu, baƙon nan daga Kano yake. Ko akwai abin da za a taɓa?"

"Akwai ƙullu, Bappa. Sai dai na gobe ne, ban sani ba ko ya tashi."

"Duba mana."

Ashe ya tashi. Ta hura gawayi a baranda ta ɗora tanda, ta ciro ragowar miyar taushe a firji ta ɗora a kan gas, tunda mai ɗumamawa ta riga ta tafi. Maza suka koma falo, ban da Sureshi. Da ya ga tandar da ramukanta sai ya tsaya. Ya ce mahaifiyarsa tana da irinta, ƙarama, kuma ƙullun shinkafa mai tsami take zubawa, haka dai, da ɗigon mai a kowane rami. Ya nemi izini ya tsuguna daga gefe, ya karɓi cokali yana taya ta juyawa, yana ci da zafi yana hura yatsu. Ya ce rabonsa da ƙamshin gidansu tun da ya baro gida. Ja'afaru yana jin su ta taga, masa tana gabansa tana hucewa.

Aka ci, aka yi godiya, aka watse kafin magariba. Babu wanda ya yi masa dariya a fuska, kuma da sun yi da ya fi masa sauƙi.

Da gida ya rage su kaɗai, Ja'afaru ya sami Lailatu a tsakar gida tana goge tasar da toka da lemun tsami. Baƙin yana fita, tabon ba ya fita. Ya tsuguna.

"Maman Yasmin, zan nemo maƙerin tagulla. Ko Kano ne zan kai ta."

"Bar ta haka."

"Ki yi haƙuri. Na san ta Inna ce."

Ta ci gaba da gogewa ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Ka san na yarda? Duk shekarun nan na ɗauka gaskiya ne, wasu matan suna gamawa nan da nan, ni ce mai nawa. In na ji sallamarka ban sauke ba, gabana faɗuwa yake." Ta juya hannunta na dama ta nuna masa wani tsohon tabon ƙuna, wanda ya sha gani bai taɓa tambaya ba. "Wannan sauri nake, kana tsaye a bakin ƙofa."

Ta ɗauki tasarta ta shige ɗaki. Tun daga ranar ba ta fasa gaishe shi ba, ba ta fasa ba shi abinci ba. Amma magana, in ba tambayarta ya yi ba, ba ta fara ta.

Washegari, kafin Sureshi ya wuce Yankari, ya biyo ya kira mahaifiyarsa ta bidiyo. Anti Mina ta tsufa, tana zaune a kujera mai taya, gwiwoyin sun ƙi gaba ɗaya. Ja'afaru ya shirya jawabi, amma da ya ga fuskarta sai jawabin ya watse, abin da ya fito kawai shi ne, "Anti, ban sani ba. Wallahi ban sani ba." Sureshi ya fassara mata labarin da yarensu. Ta yi dariya har ta share ido da gefen mayafi. Ta ce a faɗa masa ba komai, yaro mai jin yunwa ba ya ganin komai sai kwano. Sannan ta ce a kawar mata da shi, matarsa take so ta gani. Aka miƙa wa Lailatu wayar. Ba su da yare ɗaya. Lailatu ta ɗauko tanda ta nuna mata, tsohuwa ta sa aka ɗauko tata, suka riƙa ɗaga wa juna suna dariya, suna nuna ramuka da yatsa. Ja'afaru yana gefe, ba ya cikin hoton, kuma ya ga hakan daidai ne.

Ranar Litinin aka ɗauki marigayiya a keke zuwa shagon Elisha mai gyaran kayan wuta a Ɗan Iya, ko da sauran numfashi. Elisha ya kwance bayanta, ya shinshina, ya girgiza kai.

"Oga, wannan ya riga ya tafi. Wa ya sa masa ƙarfe?"

"Ni ne."

Elisha ya ɗago ya dube shi. "Yawanci yara ake cewa."

"Ni ne," in ji Malam Ja'afaru. Aka dawo da ita gida.

Marigayiya ta rasu ta bar maƙwabcinta na kusa, firji, wanda tun ranar yake riƙe da ragowar abinci bai san wa zai miƙa wa ba. Ta bar butar lantarki, ƙanwarta ta wajen soket, da injin markaɗe mai yawan surutu wanda bai taɓa koyon halinta ba. Ta bar manya a dangi, murhun gawayi da tanda da muciya, waɗanda aka yi shekaru ana yi musu gori da sunanta ba da saninta ba, kuma iyalin suna neman afuwarsu. Ta kuma bar Lailatu, domin sai bayan rasuwar mai gida ya gane wadda aka yi wa mutuwa. Shi cika baki yake yi da marigayiya, Lailatu ce take aiki da ita. Ita ce kowace safiya take ɗumama wa yara tuwo a cikinta, ta samu ta kama keken makaranta a kan lokaci. A duk gidan marigayiya ce kaɗai take rage mata tsayuwa, ita kuma ya kashe.

Masu tambaya, kuma sun yi yawa, ko na'ura irin marigayiya ta dace da girkin Indiyawa na yau da kullum, iyalin suna ba su amsa gwargwadon abin da suka gani da idonsu. Ta dace da shi kamar yadda ta dace da tuwo da miyar kuka: in wani ya riga ya tsaya a kan wuta ya gama, za ta miƙo maka shi da ɗumi. Sureshi ya ce ana iya turara shinkafa da ɗan ganye a ciki in an san hanya, kuma ba a musa masa ba. Amma jan albasa, da fashewar ƙwaya a mai, da kumburin cafati, waɗannan sai wuta da mai tsayuwa a kanta. Malam Ja'afaru ya janye duk jawaban da ya yi a kan wannan batu, yana kuma roƙon duk magidancin da ya ɗauki maganarsa ya kai gida, ya koma ya karɓo ta.

An tuntuɓi limamin unguwa a kan yadda za a yi. Ya ce babu wanka babu salla a kan ƙarfe, amma babu laifi mutum ya yi nadama. Saboda haka za a ɗauki marigayiya ranar Asabar mai zuwa da hantsi daga gida a Gwallameji. Za a fara biyawa shagon Elisha, wanda ya nemi a bar masa ƙofarta da maɓallanta domin wasu marasa lafiya su amfana. Ragowar za a miƙa wa 'yan gwangwan. Mai gida da kansa zai riƙe ta a kan cinya a cikin keke, ba a buƙatar rakiya. Zancen sayen wata an ɗage shi har sai matar gida ta ce a saya, kuma ita za ta zaɓa.

Ba za a yi zaman makoki ba. Masu son yin ta'aziyya su zo bayan la'asar, su gaisa a ƙofar gida, kada su tambayi yadda aka yi, tunda ga shi an faɗa. Da safe kada kowa ya zo, domin mai gida ba ya samuwa: shi ya karɓi aikin marigayiya, yana bakin tukunya yana ɗumame kafin yara su shirya. Ranar Talata ya ƙona, aka ci ba a ce komai ba. Ranar Laraba ya cika ruwa, tuwo ya zama kunu, aka sha ba a ce komai ba. Yau da safe yana tsaye yana juyawa, Lailatu ta zo wucewa da jakar makaranta a kafaɗa. Ta tsaya, ta leƙa tukunyar.

"Rage wutar, Abban Yasmin," ta ce. "Ba gudu zai yi ba."

Ya rage. Ta'aziyyar da ya karɓa ke nan zuwa yanzu, kuma ya ce ta ishe shi. Sauran jama'a, Allah Ya ba kowa ladan niyya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.